Jirgin Tahani Bai Ƙetaro Ba

Tandabawi, Makka
Farkon Muharram

Zuwa ga taubashiyata, Yaya Mairama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Issoufou, wanda na san shi ke karanta miki ajamina, tunda ke boko kika iya. Ya yi haƙuri da karkataccen rubutu. Yaya jikin Gwaggo Hauwa? Kin ce idon ya ƙara rufewa amma kunne garau. Allah ya ba ta sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi, da ni da ƙanena Rakan da iyalinsa, korona ba ta shigo mana ba.

Kin tambayi me ya sa ba na kira, sai dai in rubuta in ɗauki hoton takarda in turo. Yaya, Hausar bakina takan gudu ta bar ni a tsakiyar magana, Larabci ya shigo ya zauna. A takarda ina samun lokacin kamo ta.

Tun da Baba ya rasu cikin azumi ban san inda zan ajiye kaina ba. Lokacin an rufe Makka ruf, ko bakin titi ba ka zuwa sai da tasrihi, wato takardar izini. Mutane kaɗan suka kai shi makwancinsa, ni ina tsaye a taga. Shekara da shekaru ina juya shi a gado, ina ba shi abinci a baki, har yau da asuba ƙafata ɗakinsa take nufa kafin in tuna. Unguwar nan da mutum ba ya iya wucewa don alhazai, bana kyanwoyi ne ke kwance tsakiyar hanya.

Rakan ya yanke cewa a rufe gidan nan in koma wurinsa a unguwar Ka'akiyya. Wai mace ba ta zama ita kaɗai. Yaron da na goya! Matarsa Manal ba ta da laifi, ciki ne da ita, tana bukatar hannu. Amma ɗakin yara za a ba ni. Na fito daga jinya zan shiga reno, ba wanda ya ce, Tahani, me kike so?

To ga labarin. An hana mu fita ƙasa ta sama, jirage a tsaye suke, amma an buɗe hanyar ruwa. Na yanki tikiti. Ranar Alhamis zan hau jirgin ruwa, ni kaɗai, a tekun nan da Baba ya ƙetaro yana saurayi. Takarda ta cika, bari in juya.

Kada ki tsorata. Jirgin shaƙatawa ne, ba ya zuwa ko'ina. Yakan tashi daga wata tasha arewa da Jidda, ya zaga da mutane 'yan kwanaki, ya dawo da su inda ya ɗauke su. Ina so in zauna wurin da ba mai kiran sunana, in ga ruwa, kafin a mayar da ni wani ɗakin. Rakan bai sani ba. Na ce masa zan je wurin wata ƙawata a Jidda. Don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu.

Taki,
Tahani Dawuda


Damagaram

Zuwa ga ƙanwata Tahani,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu lau, damana ta yi kyau, gero ya fara kai. Malam yana gaishe ki.

Tahani! Kin tayar mana da gida. Malam na karanta takardarki a tsakar gida, Inna, Gwaggon taki, tana kan tabarmarta kamar barci take. Yana kaiwa wurin da kika ce za ki hau jirgin ruwa a tekun da Kawu Dawuda ya ƙetara, sai ta tashi zaune ta ce, "Maimaita." Ya maimaita. Ta ce, "To. Ta hanyar da ya tafi ɗiyarsa za ta dawo."

Ban sani ba ko Kawu ya taɓa ba ki labarin. Ranar da zai bi ayarin alhazai, Inna ƙaramar yarinya ce, ta riƙe masa riga tana kuka. Ya ce mata in ya gama aikin hajji zai hau jirgin ruwa ya ƙetaro Sudan, ya biyo ƙasa har gida. Yau ga shi. Ta sa an kwashe buhunan gero daga ɗakin ƙofa, an yi masa shafen ƙasa. Ta sa an ɗaure ɗan akuya. Wadda ba ta wuce loma uku, jiya ta cinye tuwonta ta nemi ƙari.

Kin ce za ki juya takarda, amma hoto ɗaya ya shigo. Kin san halin hanyar waya a nan. Malam ya ce shi bai gane ba, iyakoki a rufe suke, ta ina za ki bi daga Sudan? Mun kira ki, ba ta shiga. Shi ya sa ya kira Rakan ya tambaye shi tashar da za ki sauka, ko a sami wanda zai tarye ki. Rakan ya ce zai bincika. Da alama shi ma hidimar ta yi masa yawa.

Ki taho da rigar sanyi, bayan damana akwai sanyin safe. Allah ya kawo ki lafiya.

Yayarki,
Mairama


Cikin jirgi

Yaya Mairama,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan Gwaggo da kowa lafiya. Ni jikina lafiya, amma na karanta takardarki na zauna a ƙasa. Ya Allah. Na sake turo shafi na biyu, ku karanta shi kafin wannan. Malam, don Allah ka shiga ɗaki ka karanta, ba a tsakar gida ba.

Ba zuwa nake ba, Yaya. Ba ni da hanyar zuwa.

Na kashe wayata tun a mota don kada Rakan ya kira in yi masa wata ƙaryar. Da na kunna, saƙonninsa suka zubo. Na farko, "Kina ina?" Na ƙarshe, "Kin sa baƙo daga wata ƙasa ya faɗa min inda yayata take." Na kira shi. Da Larabci ya yi min faɗan, Hausarsa ba ta kai ta ɗauki fushinsa ba. Ya ce me mutane za su ce, Baba bai shekara ba ina yawon jirgi. Na ce mutanen nan da kake tsoro, wanne ya taɓa zuwa ya taya ni ɗaga Baba? Ya kashe.

Bari in gaya miki abin da na samu, don kaɗan ne. An gwada mu kafin mu hau, kowa da kamama a fuska, takunkumin nan. Da yamma na hau can sama. Ruwa, Yaya, ko ta ina ruwa, ba dutse ko ɗaya. Mu mutanen Makka duk inda muka juya dutse ne ke tare mana ido. Na zauna a teburi ni kaɗai, wani ya kawo min kifi, na ci da zafinsa. Ban tuna rabona da cin abinci da zafi ba. Wata mata da 'ya'yanta ta tambaye ni ina maigidana, na ce ni kaɗai ce, ta ce "Ma sha Allah" irin wadda ake yi wa marar lafiya. Ban damu ba. Washegari na ga fitowar rana a kan ruwa.

Shi ke nan rabona. Kafin azahar aka yi sanarwa cewa an sami masu cutar a cikinmu, kowa ya koma ɗakinsa, kada ya fito. Ni ɗakin tsakiya na kama, marar taga, don na ɗauka kwana kawai zan riƙa yi a ciki. In na miƙa hannu daga gado ina taɓa bango. Ana ƙwanƙwasa ƙofa a ajiye abinci, kafin in buɗe mai kawowa ya yi nisa. Jirgin ya juyo, ya tsaya a bakin tasha, ba a bar mu mu sauka ba.

Ki faɗa wa Gwaggo a hankali. Ki san yadda za ki yi.

Tahani


Damagaram

Ƙanwata,

Muna gaishe ki da jiki da zaman ɗaki. Allah ya fid da ku lafiya. Shafi na biyu ya shigo tare da takardarki. Malam ya karanta, ya cire hula ya dafe kai. Ya ce in ba ki haƙuri, da ya sani da ya yanke yatsan da ya danna lambar Rakan. Ni ma ki yafe min. Murna ce ta rufe min ido.

Ban faɗa wa Inna ba. Na shiga da niyya, na tarar tana koya wa jikokinta yadda za su gaishe ki. Ta ce kada su yi miki dariya in Hausarki ta karkace. Kullum da safe sai ta tambaya, "Ta kai Sudan?" Na ce mata jirgin ya tsaya a kan ruwa saboda cuta. Wannan ai ba ƙarya ba ce. Ta ce ba komai, Dawuda ma sai da ya yi wata da watanni a hanya.

Tahani, ga roƙona. Inna ba ta da sauran yawa, likita ya faɗa mana tun bara zuciyarta ta gaji. Rabon da in ga tana dariya haka tun Babanmu na da rai. Ki rubuto mata 'yar takarda, ki ce kina tafe, hanya ce ta yi tsawo. Malam ba ya so, ya ce ba zai karanta ƙarya da bakinsa ba, amma in kin rubuta zan lallashe shi. Me zai rage miki? Ke ba ki gan ta ba. Ni nake wanke ta, ni nake ganin ƙasusuwan.

Kada ki ji haushina. Ke ma kin yi jinya, kin san abin da mutum ke yi don tsoho ya haɗiyi loma.

Mairama


Cikin jirgi

Yaya,

Gaisuwa. Gwajina na biyu ya fito lafiya, alhamdu lillahi, amma ta ɗakin da ke jikin nawa an fitar da ita a kan gado. Ban san fuskarta ba, tarinta kawai na sani. Da ya daina sai na rasa abin saurare.

Na daɗe ban amsa ba don na rubuta takardar da kika roƙa. Na rubuta ta har ƙarshe, ta yi kyau. Na ajiye ta a kan gado ina kallo. A nan ba dare ba rana, fitila ce kawai. Jirgin yana juyawa a hankali a inda ya tsaya, alƙibla na canzawa, sai na duba kibiya a talabijin kafin in tayar da salla. Ni da aka haifa ina jin kiran sallar Harami ta taga, yau ina tambayar akwati inda Ka'aba take. A irin wannan wuri mutum ba ya da abin yi sai tunani.

Na san abin da kike nufi. Na yi wa Baba irinta, nakan ce masa Rakan na hanya don ya sha magani. Sai ya kafa wa ƙofa ido har barci ya ɗauke shi. Loma tana shiga, amma idon nan a kan ƙofa ni nake ganinsa. Ba zan sa Gwaggo ta ƙare kwanakinta tana sauraren ƙofa ba. Na yaga takardar. Ki yi fushi da ni in kin ga dama.

Malam, wannan na ƙasa ka karanta mata a tsakar gida, da ƙarfi.

Gwaggo, ɗiyarki Tahani ce ke gaishe ki. Ba zan iso ba. Jirgin da na hau ba ya ƙetarawa, na yawo ne, yana zagawa ya koma. Na hau shi ne don na gaji, ina so in ga wuri mai faɗi. An rufe ƙasarmu, an rufe taku, ban san ranar buɗewa ba, don haka ba zan ce miki ga rana ba. Baba bai manta da ke ba. Da bakinsa ya karkace, sunaye suka zube masa, nawa ma yakan ɓace, amma yakan kira ni Hauwa. Nakan amsa. Ki yafe masa, ki yafe min.

Tahani


Damagaram

Tahani,

Muna lafiya. Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba, shi ya sa kika ji shiru. Yanzu ya sauka.

Malam ya karanta mata bayan la'asar. Ba ta yi kuka ba. Ta juya fuska bango, ta ƙi abincin dare, ta ƙi na safe. Na zauna ina tsine wa jirginki. Da rana ta yi sai ta ce a kira Malam ya zo da alƙalami, ta ce in rubuta da hannuna, shi ya tsaya shaida kada in rage ko in ƙara. Ga maganarta:

"Ɗiyar Dawuda. Na ji. Ubanki ya yi min alkawari. Ke ba ki yi min ba, ni na ɗora miki. Da aka yi min aure mijina ya so mu koma Maraɗi, na ƙi, na ce in Dawuda ya dawo ina zai same ni. Kasuwar garin nan ce iyakata. Ban ce na yi asara ba, na haifi 'ya'ya, na ga jikoki. Amma zaman jira ba ibada ba ne, na gane haka a makare. An ce ƙanenki zai kai ki gidansa. In kina so ki je. In ba ki so, ki zauna ɗakin ubanki, ki ce ni na ce, ni ce babba a gidan nan yanzu, har shi. Kin ce ya kira ki da sunana kin amsa. To kin biya ni. Ki faɗa min, da gaske ruwan tekun nan gishiri ne, ko faɗa ake?"

Daga nan ta ce a mayar da buhunan gero ɗakin ƙofa kafin ɓeraye su gane. Ɗan akuyan kuma ta sa an yanka an yi wa Kawu sadaka, ta ci hanta kaɗan. Ƙarin tuwo dai ya tsaya. Ta koma loma ukunta. Ba ina faɗa don ki ji ciwo ba ne, haka abin yake.

Ni na ba ta labarin Rakan, ki yi haƙuri, bakina ba ya riƙe abu. Ta sa Malam ya kira shi ta yi masa magana da kanta. Ban san nawa ya fahimta ba. "Na'am, na'am" kawai muke ji.

Ki rubuto da kin sauka.

Yayarki,
Mairama


Tandabawi, Makka
Safar

Yaya Mairama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Na sauka lafiya. Daga jirgi wani masauki aka kai mu a Jidda, aka sake killace mu. Can akwai taga, amma ba ta buɗuwa, kuma bangon wani gini take kallo. Ki ce wa Gwaggo ban taɓa ruwan da hannuna ba, sai dai iskarsa ta bar min ɗanɗano a leɓe ranar farko, kuma gishiri ne. Takardarta tana cikin wayata.

Rakan ne ya zo ɗaukata. Muka bar Jidda, muka wuce shingen shiga Makka. Da na ga ya kama hanyar Ka'akiyya na ce, "Tandabawi za ka kai ni." Ya ce, "Ba komai a can. Na kwashe." Ashe ina cikin jirgi ya kawo mota ya ɗebe kayan gidan. Na ce ko ƙasa ce zan kwanta a kai. Ya tsayar da mota a gefen titi, ya ce, "Tahani, in wani abu ya same ki ke kaɗai, wa zai sani? Baba ya tafi ba na nan. Kina so ke ma in ji a waya?" Ban taɓa kawo wannan a raina ba, Yaya. Na ɗauka mai reno kawai yake nema. Na ce masa zan zo in Manal ta haihu, in yi mata arba'in, in dawo gidana. Ya tayar da mota.

Gidan wayam. Inda gadon Baba yake sai sawun ƙafafunsa a kan darduma. Maƙwabciyata Dalal ta aiko min da katifa da butar shayi. Rakan ya hawo da akwatina, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ce in kulle, ya sauka.

Ba zan ce miki daɗi nake ji ba. Har yanzu Harami sai da izini, unguwa shiru, maganata tana dawo min daga bango. Wani lokaci ina tashi ina laluben ƙofa don in tabbatar tana buɗuwa. Ban sani ba ko na yi daidai.

Jiya bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Rakan ne, da murhun girki a kafaɗa, tukunyar gas a hannu, gumi ya jiƙa masa kamama. Sauran kayan bai kawo ba, bai kuma ce zai kawo ba. Ya durƙusa ya ɗaura, ya kaɗa kumfar sabulu ya shafa a bakin tiyo yana duba ko yana yoyo. Ya daɗe yana dubawa, fiye da yadda ake bukata. Na ce ya tsaya in dafa shayi mu gwada wutar. Ya ce sauri yake. Sannan ya nemi wuri a ƙasa ya zauna.

A shafa min kan Gwaggo. Allah ya haɗa fuskokinmu a inda ya so.

Ƙanwarki,
Tahani